Muryar Yaya a Lasifikar Tsakiya

Na Allah ne mu duka, kuma wurinSa kowa zai koma. Yayata ta rasu ranar Talata da hantsi. An yi mata salla a Harami bayan la'asar, maza suka kai ta Baƙi'a, mu mata muka zauna a gidanta na unguwar Harra ta Gabas a nan Madina muna karɓar gaisuwa kwana uku.

Ni ban shiga makaranta ba, ko sunana ban iya rubutawa. Matar autana ce ke rubuta wannan ina faɗa mata, kuma na ja mata kunne kada ta gyara mini magana. Abin da na faɗa shi za ku karanta, da daɗinsa da ɗacinsa.

Gida ya cika har matattakala. Ga Kanawa, ga 'yan Damagaram, ga matan Chadi cikin lafayarsu, ga 'ya'yanmu da aka haifa nan, waɗanda za ki yi musu Hausa su mayar miki da Larabci. Gahawa da dabino suna ta zagayawa. Wata tsohuwar maƙwabciyarmu ta shigo tana jan ƙafa, ta tsaya bakin ƙofa ta fashe da kuka, ta ce, "Yau na shigo gidan nan ba a kira sunana tun daga waje ba." Mata suka ɗauka gaba ɗaya. Wannan ta ce kunnen Hajiya, waccan ta ce kunnen Hajiya, kamar ba mutum aka binne ba, kunne aka binne.

A waje an jera wa maza kujeru a kan layi. Manyan motoci suka yi ta zuwa, irin waɗanda da ƙyar suke kutsawa lungunanmu. Ta taga nake jin su suna gaisa babban ɗana, ɗan farina, suna cewa Allah Ya jiƙan mahaifiyarka, Allah Ya ba ka haƙurin rashin uwa. Shi kuma yana amsawa da amin. Ni da na kwana biyu ina naƙudarsa ina zaune bayan tagar da finjalin gahawa a hannu, da raina da lafiyata.

A rana ta biyu wata Balarabiya ta shigo, matar ɗaya daga cikin masu motocin. Ta dubi ɗakin ta ce, ina ƙanwar Hajiya mai samma'a? Samma'a ita ce lasifika a bakin mutanen ƙasar nan. Aka nuna ni. Shekara hamsin ba a yi biki ko suna a unguwar nan ba a aiko mota ta ɗauke ni in ba da labari ba. Na sa matan da suka yi gaba da juna sun yi dariya a tabarma ɗaya. Ran nan sai ga ni na koma ƙanwar Hajiya mai samma'a. Na karɓi gaisuwarta, na ce Allah Ya ba da lada.

To, na san mutane. Kafin a yi arba'in an koma maganar wani. Ni ce na fi kowa saninta, don haka ni zan faɗe ta kada ta ɓace. Kuma tun yanzu in gaya muku, na yi kishin Yayata. Ba kishin miji ba, kowa da mijinta, nata ma ya fi nawa gajarta. A kan yaron nan ne, babban ɗana.

Ta girme ni da shekara biyar. A hanya aka haife ta, a ƙasar Sudan, lokacin da iyayenmu suka taso daga ƙasar Kano da ƙafa suna neman aikin hajji, suna tsayawa su yi noma su ƙara gaba. Ni a nan Madina aka haife ni, kuma na sha yi mata gori da wannan. Ba ta da yawan magana. In tana saurare sai ta karkatar da kai hagu, ta lumshe ido, ta ɗora yatsa biyu a haɓa. Mutum yana layi za ta ce wane ne, daga jan takalminsa ko gyaran muryarsa. In alhazai suka zo, mace ta yi sallama kawai, Yaya za ta ce ke daga Maraɗi kike, ke kuma kin daɗe a Sudan. Babanmu kan ce an raba wa 'ya'yansa gado tun yana raye, babbar ta ɗauki kunne, ƙaramar ta ɗauki baki. Ni a lokacin gani nake ni na yi dace. Wa ke aika mota a ɗauko mai kunne?

Allah bai ba ta haihuwa ba. Da na haifi ɗan fari, na yaye shi, sai aka yi abin da aka saba yi: aka naɗe kayansa a ɗankwali aka kai mata. Ba wanda ya tilasta ni. A wurinmu ɗan fari abin kunya ne ga uwa. Ba ki kiran sunansa, ba ki yi masa wasa a gaban mutane, ba ki tsayawa hira da shi. In an ce ɗanki ne, sai ki kau da kai. Ni kuwa na riƙe wannan kunya fiye da kowa, har ana misali da ni a unguwa, kuma ina jin daɗin misalin. Ya tashi yana ce mata Ummi. Ni yana ce mini Khala, wato ƙanwar uwa. Har yau ban kiran sunansa. Ɗan Yaya nake cewa.

Lokacin yana ƙarami, yaran layi kan taru a tsakar gidana bayan la'asar in yi musu tatsuniya. In yi muryar kura, in yi ta tsohuwa, in yi ta attajiri mai tumbi. Wata rana ina tsakiyar labari sai na ji wata dariya daga bayan ƙofa, wadda ba ta cikin yaran da ke gabana. Na leƙa. Yaya ce a tsugune, ta rungume shi, ta ɗora hannu a bakinsa amma dariyar ta kufce. Ashe ta daɗe tana kawo shi a ɓoye. Sai na tashi na ce wa yaran labari ya ƙare, kowa ya tafi gida. Ba ta sake kawo shi ba.

Ya girma yana kwance rediyo yana ɗaurawa. Yanzu ga shi da furfura a gemu, da shagonsa, da ma'aikatansa. Aikinsa shi ne ya mayar wa mutum ɗakinsa gidan sinima. Ƙaton talabijin a bango, sai akwatunan sauti: biyu a gaba, hagu da dama, biyu a baya, wani ƙato a ƙasa mai gurnani kamar hadari, sai guda ɗaya doguwa a kwance ƙarƙashin talabijin. Ita ce ta tsakiya. Sauran na kiɗa ne da ƙarar mota da saukar ruwan sama. Maganar mutane kuwa kusan duk daga bakin ta tsakiya take fitowa. In ba ta da kyau, sai ki ga baki na motsi, ƙasa na girgiza, amma ba ki san abin da aka ce ba.

Yana da na'urarsa ta awo, wani ɗan makirfo da yake kafawa a tsakar ɗaki, ya duba zane a kwamfuta. Ranar farko da ya haɗa irin wannan a gidansa, ya kira Yaya ta gani. Ya nuna mata zanen ya ce, Ummi, kin ga, komai daidai. Ta ce, "Ita na'urar taka a tsakar ɗaki take zama. Wa ka taɓa gani ya zauna a tsakar ɗakin baƙi? Mu jikin bango muke zama." Ta tashi ta koma can ƙarshen kujerun bango kusa da ƙofa, inda ƙaramin baƙo ke zama. Ta ce, "Daga nan mutumin naka da ke magana a fim mura yake yi." Ya zo ya zauna inda take, ya saurara, ya dafe kai. Tun daga ran nan bai sake sa wa kowa lasifikar tsakiya ba sai ta ji ta.

Sau ɗaya na bi su, wani gida a unguwar Jurf, don ƙafarta ta fara ciwo ana son mai riƙe ta. Mai gidan ya yi ƙorafi cewa tsohuwarsa ba ta jin magana a fim, tana ta ƙara sauti har tagogi na rawa, jikoki na gudu. Aka zaunar da mu tare da tsohuwar. Ɗan Yaya ya kashe mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, don a ji sosai. Yaya ta ce, "Kunna. Wa ke kallo a Madina ba mukayyif? A gaban hayaniyarsa nake son in ji ta." Ya kunna. Ta ce ya rage sautin, ya ƙara ragewa, har ya dawo daidai maganar mutum da mutum. Ta ce da ihu kowane akwati gwani ne. Sannan ta lumshe ido ta karkatar da kai.

Da ta tashi magana, da Hausa ta yi, don kada mai gida ya ji kunya, alhali Larabcinta ya fi nawa. Ta ce, "Wannan bawan Allah cikin randa yake magana." Ashe an gina wa akwatin wani gida na katako ƙarƙashin talabijin an tura shi can ciki, don matar gidan ba ta son ganinsa. Aka jawo shi baki. Ta saurara ta ce, "Ya fito daga randa, amma gwiwoyinmu yake kallo. Ɗaga masa haɓa." Aka sa masa ɗan abu a ƙasa ya ɗago yana fuskantar kunnuwa. Ba a yi minti biyu ba, wani a cikin fim ɗin ya faɗi abin dariya, sai tsohuwar gidan ta ƙyalƙyale. Mai gida ya dubi uwarsa, idonsa ya kawo ruwa. Tsohuwar ta rarrafo ta sumbaci kan Yaya. Ni ina gefe riƙe da jakarta da sandarta.

A mota na ce, "Ai ni ma na ji randar."

Ta ce, "Kin ji, bayan na faɗa."

Yana tuƙi, na ga kafaɗunsa suna motsi. Dariya yake yi.

Da ƙafar ta ƙara tsananta, ba ko'ina take iya zuwa ba, sai ya yi dabara. Ya ɗauki muryarta a na'ura, a kicin ɗin gidansa, yana tace akwatuna da ita kafin ya kawo mata waɗanda suka tsira. Ni ban sani ba sai ranar da na bi matarsa shagon, za mu wuce asibiti. Ina shiga sai na ji Yaya tana magana alhali na baro ta a gida. Kuma me take faɗa? Yadda ake kaɗa miyar kuka. Tana gaya wa matarsa ta rage wuta kafin ta zuba, ta riƙa kaɗawa kada ta yi gudaji. Ta ce mata ba haka ba, ta yi tari, murfin tukunya ya yi ƙara, ta kira sunansa ta ce ya wanke hannu. Shi ke nan. Yana ta maimaita shi daga wannan akwati zuwa wancan, Larabawa biyu na tsaye suna saurare da natsuwa kamar ana wa'azi.

Ban dube shi ba, don ba na dubansa. Na dubi matarsa na ce, "A gaya wa mai shagon nan, in murya ake nema, akwai wadda ake aika wa mota. Ba a rasa ba da za a koma miyar kuka."

Ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, "Khala, ba mai daɗi nake nema ba. Wadda na sani nake nema. In akwati ya yi ƙarya a muryar Ummi, nan take zan kama shi. Ya ƙara mata kauri, zan sani. Ya rage, zan sani."

Na ce wa matarsa, "A tambaye shi, tawa fa?"

Ya kashe sautin. Sannan ya ce, "Taki a bakin mutane nake jin labarinta."

Ban je asibitin ba. Gidan Yaya na sa aka kai ni. Na same ta tana cire ƙwallon dabino a faranti, ban zauna ba na fara. Na ce ta cika masa kunne har babu inda tawa za ta shiga. Na ce ta mallake shi. Na ce, "Ki tuna fa, aro na ba ki."

Ta ce, "Na sani. Ba ki zo karɓa ba."

Na ce, "Ke kika hana."

Ta ajiye wuƙar ta ce, "Shekara nawa ina aiko miki shi kowace Juma'a, da wankansa da turarensa? Me kike ce masa? Lafiya. Madalla. A gaida gida. Da wannan kike so ya san murya? Duk Harra ta san muryarki, ta Gabas da ta Yamma. Shi kaɗai kika hana."

Na ce kunya ce, haka muka tarar ana yi.

Ta ce, "Haka muka tarar. Ni za ki gaya wa? Kin manta ni ma 'yar fari ce? Inna ta taɓa kiran sunana? Ke take ɗorawa a cinya tana hira da ke, ni ina bayan bango ina tankaɗe. Kina tsammani daga sama kunnen nan ya faɗo mini? A bayan bangon nan na koye shi, ina tsintar muryar uwata."

Wallahi ban taɓa sani ba. Ɗaki ɗaya muka tashi, ban taɓa lura ba, don ni ce ke magana. Da ni mai hankali ce da na zauna. Amma ni sai na ja mayafina na fita, na yi wata biyu ban taka gidanta ba.

Ciwo ne ya haɗa mu. Maƙogwarona ya kumbura, muryata ta ɗauke sati uku, sai raɗa kamar iska a ƙarƙashin ƙofa. Ba wanda ke gane abin da nake cewa, 'ya'yana suna ta kawo mini ruwa in na ce a rufe taga. Sai ga Yaya, an hauro da ita bene a kan kujera, da kwalbar zuma a cinya. Ta zauna kusa da kaina ta zama bakina. Ita kaɗai ke ji, kuma ba ta ragewa ba ta ƙarawa. In na raɗa cewa miyar surukata ba gishiri, sai ta ɗaga murya ta ce, "Ta ce miyarki ba gishiri." Wata rana muna mu uku da matar autana, na raɗa wa Yaya cewa ban huce ba fa. Ta juya ta ce, "Ta ce ba ta huce ba." Sannan ta ɗebo zuma a cokali ta ce, "Buɗe." Kwana ashirin ta yi a gidana. Ba ta tayar da waccan maganar ba, ni ma ban tayar ba.

Irin halinta ke nan. Ba ta rarrashi, ba ta kuma yi wa mutum ƙarya don ya ji daɗi. Wani ɗalibi ɗan Najeriya da ke karatu a jami'ar nan ya taɓa kawo mata karatunsa da ya ɗauka zai aika gida, yana jiran yabo. Ta ce, "Karatunka da kyau, ɗana, amma wani kake kwaikwayo. Ina taka muryar?" Ya tafi da fushi. Ranar zaman makoki matarsa ta zo ta ce tun safe yake kuka.

Ranar da za ta rasu ina zaune gefen gadonta. Idonta a rufe, numfashinta na fita da ƙyar. Ni kuwa na rasa abin faɗa, karon farko a rayuwata. Can sai ta ce, ba ta buɗe ido ba, "Kin yi shiru. Ba ki da lafiya ne?" Bayan wannan sai kalmar shahada.

Kwana ashirin da rasuwarta, ɗan Yaya ya zo gidana da safe. Ya zauna bakin ƙofar ɗaki kamar yadda ya saba, ya gaishe ni, na ce lafiya. Sai ya ce, "Khala, ina da buƙata a shago." Kada in ɓoye muku, murna ta kama ni. Na ce a raina yau dai za a ɗauki tawa. Har na fara gyara maƙogwaro ina zaɓen labarin da zan bayar.

Ya ce an kawo masa sababbin lasifikun tsakiya iri biyu, dole ya zaɓi wadda zai riƙa sa wa mutane. Na'ura ta ce duk biyun suna da kyau. Ya ce, "Na sa muryar Ummi, na kasa. Da ta fara magana ba na jin akwati, ita nake ji. Ko a gwangwani aka sa ta, daɗi za ta yi mini. Ba wanda ya rage da ya san muryarta kamar ke."

Kun ji. Tana kabari ma ita ake nema, ni an gayyace ni in zama mai saurarenta. Na so in ce kaina na ciwo. Na jawo mayafina. Sannan na ce wa autana da ke tsaye, a gaya masa ya jira a mota.

A shago ya rufe ƙofa ya sallami ma'aikata. Ya ajiye mini kujera a tsakiya. Na ja ta zuwa jikin bango, na ce a bar mukayyif a kunne, a rage sauti. Ya yi yadda na ce.

Ya sa ta farko. Sai ga Yaya da murya cikakkiya, mai laushi, mai zaƙi, kamar tana da shekara talatin. Rage wuta, ki riƙa kaɗawa. Na saci kallonsa, hawaye na bin gemunsa. Ya sa ta biyu. Nan kuma tsohuwa ce. Ga 'yar shaƙewar da ke ƙarshen numfashinta, ga iskar da ke fita ta gurbin haƙorin da ta rasa, ga tarin nan da kaushinsa.

Ya ce a hankali, "Ni ta farko nake so."

Ni ta biyu zuciyata ta kama. Amma sai na tsorata da kaina. Na ce, ke tsohuwa, ko dai baƙin ciki kike yi kada Yayarki ta yi kyau ko a akwati? Na san halina, zan iya. Na ce a sake. Ya sake. Na ce a ƙara. A karo na uku na lumshe ido, na bar neman abin da zan faɗa, na saurara kawai. Sai na kama shi. Kafin ta ce wa matarsa "ba haka ba," akwai wani ɗan tsaki da take yi can cikin baki, ƙarami ƙwarai, wanda take yi duk lokacin da za ta ƙaryata mutum. A ta biyu yana nan. Ta farko ta haɗiye shi.

Na ce, "Waccan ta farko maƙaryaciya ce. Ta yi mata kwalliya. Saurari nan, kafin ta ce ba haka ba." Ya sa, ya sake sawa, ya matso da kunnensa. Na ce, "Shekara saba'in ana yi mini wannan tsakin, ba akwatin da zai ɓoye mini shi. Wanda ya haɗiye tsaki zai haɗiye rabin maganar mutane, tsofaffi su koma suna ƙara sauti. Kuma kaurin nan ba nata ba ne. Ita muryarta daga hanci take farawa, tun tana yarinya, har Inna na cewa kamar 'yar akuya." Ya yi dariya da hawayen a fuskarsa, ya ce da gaske? Na ce ai ba ka san komai ba. Na ba shi labarin ranar da ta gane ɓarawon takalma a gidan biki daga tarinsa. Na ba shi na ranar da ta tona asirin wani mai neman aurena da ya ce shi Bakano ne alhali harshensa na Sudan ne. Daga nan na faɗa wani, na faɗa wani.

Sai da aka kira azahar na farga. Ba matarsa a wurin, ba autana. Shi nake dubawa, da shi nake magana, kusan awa biyu. Kunya ta taso mini tun daga ƙafa, na ja mayafi na rufe baki.

Ya ɗauki ta biyun ya ajiye a kan tebur, ya mayar da ta farko kwalinta. Yana naɗe waya, bai dube ni ba, ya ce ranar Asabar akwai wani gida a Harra ta Yamma. Na ce sai in ƙafata ta yarda. Ya ce zai zo ƙarfe tara.

Muka shiga mota. Da ya tayar, rediyo ya kama da kansa, wani yana ta zuba labarai. Muka fita layi, ina kallon baƙaƙen duwatsun gefen hanya. Sai ya miƙa hannu ya kashe rediyon. Ya ce, "Khala, mai neman auren nan, ba ki ƙarasa ba. Me Baba ya yi masa?"

Na ƙarasa masa.

Har yau muryarta ce a shagon, tawa ba a ɗauka ba, kuma ban ce abin ya daina yi mini ciwo ba. Allah Ka jiƙan Yayata, Ka yafe mata, Ka yalwata mata makwancinta, Ka sa muryar da za ta tashe ta ta zama ta bushara. Ka yafe mini abin da na faɗa mata a kan farantin dabino. Duk wanda wannan ya isa gare shi, ya tsaya ya yi mata addu'a a fili, ba a zuci ba. Ita mai son ta ji ce.